Ku Tambayi Bakanike: Fesa wa Inji Ruwa da Metanol, da Agogon Zafin Hayaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina da Golf GTI ƙirar 2007, 'yar Beljiyam, mai injin lita 2 da turbo. Bara na sa aka taɓa mata ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar injin, aka ƙara mata iskar turbo. Da sanyin safiya ko lokacin hunturu tashi take kamar an harba kibiya, amma da zarar bazara ta kama, rana ta take, sai ta yi laƙwas, ga shan mai kamar an huda tanki. Wani abokina da ke Dubai ya ce in sa mata na'urar fesa ruwa da metanol, in haɗa da agogon auna zafin hayaƙi, wai muddin allurar ba ta wuce digiri 900 ba in taka yadda na ga dama. Tsakani da Allah, ruwa ba zai kashe injin ba? Mu da muka san ko ruwan kwata mota ta shaƙa sai an sauke inji? *Daga wani mai karatu a Sakkwato.*

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokin naka ya faɗa maka rabin gaskiya, rabin da ya bari kuwa shi ne mai cin kuɗi.

Motarka lafiyarta ƙalau, kare kanta take yi. Ka taɓa ba tayar keke iska, sannan ka kama gindin famfon ka ji yadda ya yi zafi? To haka iska take, in aka matse ta sai ta ɗau zafi. A Sakkwato cikin watan Afrilu iskar da turbonka ke zuƙa ta riga ta kai digiri 40 ko fiye. In ya matse ta da ƙarin ba 1 ("ba" ma'aunin matsi ne), za ta fito daga bakinsa tana kusan digiri 135 zuwa 140. Intakula, wato wannan ɗan lagireton iska da ke gaban mota, zai rage mata zafi, amma shi ma da iskar garin yake fifita, ga kwalta na turiri a ƙarƙashinsa, ga na'urar sanyaya ɗaki na huro masa nata zafin. Da ƙyar iskar za ta isa inji ƙasa da digiri 60, in ka fito daga cunkoso ma ta fi haka.

Sai kuma mai. Buɗe murfin wurin zuba fetur ka karanta takardar da ke manne a ciki. Bajamushen da ya ƙera motar 98 ya rubuta, wato lambar juriyar mai ga matsi da zafi, ya ce in babu a lallaɓa da 95. Fetur ɗin gidajen manmu kuwa ma'auninsa 91 ne, shi ma in an yi sa'a ba a yi masa haɗi a hanya ba. Iska mai zafi da mai maras juriya in suka haɗu a silinda, fulogi na kunna wuta a gefe guda sai ragowar man da ke lungu ya fashe da kansa kafin wutar ta iso shi. Shi ne wannan ƙarar ƙyas-ƙyas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. A garejinmu ƙwanƙwasa muke ce mata, don kada a haɗa ta da abin da muke nufi in mun ce inji ya buga, ko da yake ita ce hanyar da ke kai wa can. Injinka na da sensa mai sauraron wannan ƙara tun kafin kunnenka ya ji. Tana ji sai ƙwaƙwalwa ta ja taimin baya, wato ta jinkirta lokacin da fulogi ke kunna wuta. Taimin in ya koma baya ƙarfi ya ragu, wutar kuma takan biyo hayaƙi waje tana ci, turbo ya yi jajur, sai ƙwaƙwalwar ta ƙara antaya fetur don ta sanyaya shi. Ka ga laƙwas ɗin, ka ga shan man.

Batun ruwa kuma, tsoronka na kan hanya, sai dai ka yi lissafi tare da ni. Ruwa ba ya matsuwa. In fistin ya kai ƙarshen hawansa, sararin da ya rage a samansa a injinka bai fi cc 50 da 'yan kai ba, wato abin da bai cika rabin kofin shayi ba. In mota ta shaƙi ruwan da ya fi wannan lokaci guda, fistin zai zo ya tarar da dutse, sandarsa ta lanƙwashe. Wannan shi ne na kwata. Na'urar da abokinka ke magana kuwa hazo take fesawa, kamar turaren fesawa. A inji irin naka nozul, wato bakin fesawa, mai ba da kusan cc 250 a minti ya wadatar. In injin na juyi 5,000 a minti, silinda huɗu na kunna wuta sau 10,000. Raba 250 gida 10,000, za ka ga kowace kunnawa rabin ɗigo take samu. Kafin ma fistin ya hau, ya zama tururi.

Amfanin kuwa ka san shi tun kana yaro, a gindin randar gidanku. Me ya sa ruwan randa ke sanyi alhali babu lantarki? Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin ƙasar yana bushewa, in zai bushe kuma sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Kilo ɗaya na ruwa kan kwashe kusan kilojul 2,260 kafin ya zama tururi. Metanol, wani nau'in barasa mai guba, na kwashe kusan 1,100, fetur kuwa wajen 350 kawai. Wato abin da ƙwaƙwalwar motarka ke wahalar yi da fetur, ruwa zai yi ninkinsa shida a kyauta. Mu nan Arewa ma mun fi mutanen Legas morewa, don busasshiyar iskar bazara ta fi mai laima shan ruwa, yadda randa ta fi sanyi a Maris fiye da Agusta. Shi metanol ana sa shi ne don yana bushewa da wuri, tun a digiri 65 yake tafasa, kuma shi kansa mai ne mai juriyar da ta kai wajen 109, sai ya ɗan tallafa wa 91 ɗinmu. Rabi da rabi aka saba haɗawa.

Dabarar ba ta jiya ba ce. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun sa ta a jiragen yaƙinsu irin su Messerschmitt Bf 109, suna kiran haɗin MW 50, wato metanol da ruwa kashi 50. Amurkawa ma sun yi a jirginsu P-47. Matuƙi kan danna ne in abin ya zo wuya, ya sami ƙarin ƙarfi na 'yan mintuna. A 2016 BMW ta fitar da M4 GTS 'yan ɗaruruwa kacal, da tankin ruwa zalla na lita 5 a but, ƙarfin injin ya tashi daga doki 431 zuwa 500. Amma wadda nake so ka riƙe ita ce Oldsmobile Jetfire da aka fitar a Amurka a 1962, ɗaya daga cikin motocin farko masu turbo da aka sayar wa jama'a. An ƙera injinta yadda ba zai iya ɗaukar iskar turbo ba sai da wannan ruwa, har kamfanin na sayar da shi a kwalba. Masu motar suka riƙa mantawa su cika tankin, na'urar kariya ta yanke iskar, su dawo suna ƙorafin mota ba ta gudu. Shekara biyu aka yi aka daina ƙera ta, ba a kai 10,000 ba, daga baya ma kamfanin ya riƙa cire wa masu so turbon ya sa musu kafireto. Injiniyoyin ba su yi kuskure a lissafi ba, halin ɗan Adam suka manta da shi.

Hanya biyu ake bi da wannan na'ura. Ta farko, ka sa ta ka bar ƙwaƙwalwa yadda take. Ruwan zai sanyaya iska, ƙwanƙwasa ta lafa, ƙwaƙwalwa ta daina jan taimin baya, motarka ta dawo yadda take da asubar hunturu. Ran da tanki ya ƙafe ba abin da zai faru, laƙwas ɗin ne zai dawo. Ta biyu, ka koma wurin mai kwamfuta ya tura taimin gaba, ya ƙara iska, ya rage fetur, duk bisa dogaron cewa ruwan na zuwa. Nan ne ƙarfin gaske yake, nan ne kuma ran injinka ya rataya a wuyan famfo guda da ƙaramin tiyo.

Ni na bi ta biyun, na ga ƙarshenta. Shekarun baya na haɗa wa wani matashi a kan mota irin taka, muka zauna da mai kwamfuta har dare muna gyara, motar ta zama abin kallo. Na ce masa tataccen ruwa kawai, ya ce to. Wata uku yana kiyayewa, sai ya bar wa yaron da ke wanke masa mota aikin cika tankin, yaro kuwa ya ga ruwa ai ruwa ne, ya riƙa ɗibowa daga famfon burtsatse. Wannan farin dattin da kake gani a gindin butar shayi, shi ya taru a bakin nozul, ramin da bai kai kaurin allura ba. Tanki cike, famfo na ƙugi, 'yar fitilar da na sa masa tana nuna kore, amma ko ɗigo ba ya fita. A hanyar Kaduna zuwa Zariya ya zo wuce tirela a giya ta huɗu, mota ta yi tari sau ɗaya ta fara rawa. Da muka buɗe, fistin na uku ya ɓalle a tsakanin ringi na farko da na biyu, gefensa kamar ɓera ya gwaguya, kan fulogin kuma ɗige-ɗigen alminiyam kamar an barbaɗa gishiri. Ban ga laifin yaron ba. Fitilar da na sa tana shaida cewa famfo na samun wuta ne, ba ta shaida cewa ruwa na tafiya. Rabin kuɗin aikin daga aljihuna ya fita, kuma tun daga ranar ba na tura wa kowa taimin sai da sensa mai auna gudun ruwan a cikin tiyo, wadda in ta ji ya tsaya ko ya yi yawa za ta sauke iskar turbo nan take. Kai dai shawarata ka tsaya a hanya ta farko, ko da na bazara guda ne.

Kafin ka kashe ko sisi ma, ka tabbatar motar ba wani ciwo take ɓoyewa ba. Wannan injin an san shi da cinye ɗan ƙoƙon ƙarfen da ke ƙarƙashin famfon fetur na kan inji, da yagewar robar bawul ɗin da ke sakin iskar turbo, da taruwar baƙin gawayi a bayan bawul na shaƙa. A duba su, a sa sababbin fulogi, a wanke intakula ciki da waje, don ƙurar hunturu da ƙwari kan toshe shi har iska ta kasa ratsawa. Na sha ganin motar da wankin intakula kaɗai ya dawo mata da rabin abin da ta rasa.

In an zo haɗawa, nozul ya zauna bayan intakula, kamar taƙi ɗaya kafin bakin totur, kada ya kuskura ya jiƙa sensar da ke auna yawan iska. Famfon ya zama mai matsi sosai, irin na ba 10 zuwa 14, don in matsi ya yi kaɗan tsartuwa zai yi maimakon hazo. A sa bawul mai hana ruwa zurara in inji na tsaye ko yana sulo, musamman in tankin ya fi nozul tudu, in ba haka ba wata safiya za ka tayar da mota ka gamu da abin da kake tsoro tun farko. Kada fesawar ta fara sai iskar turbo ta kai kamar rabin ba, ta riƙa ƙaruwa tare da ita. Tanki mai lita 3 zai ba ka minti 12 na cikakkiyar fesawa, wanda a tuƙin yau da kullum yakan kai mako ko fiye, ya danganta da nauyin ƙafarka. In ka je sayen tataccen ruwa wurin masu batir, ka buɗe baki ka ce wanda babu asid, don su duka biyun ruwan batir suke kira.

Yanzu ga rabin da abokinka ya bari. Agogon zafin hayaƙi abu ne mai kyau, ina sa shi, amma shaidarsa ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Da farko, 900 a ina? In tsinken agogon mai jin zafi ya shiga kafin turbo, inda hayaƙin silinda huɗu ke haɗuwa, 900 zuwa 950 ita ce iyakar da ba na son a daɗe a kanta a injin fetur. In kuwa mai walda ya ga ya fi masa sauƙi ya huda bayan turbo, abin da za ka gani zai yi ƙasa da na gaskiya da digiri 100 zuwa 150, wani lokaci fiye, don turbo ya riga ya cinye wani zafin. Mai ganin 900 a can ya riga ya wuce 1,000. A sa tsinke nau'in K, a kuma sauke turbon kafin a huda, kada ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa kan fanka mai juyi fiye da 100,000 a minti.

Na biyu, wanda ya fi ruɗa mutane: ƙwanƙwasa ba ta ɗaga allurar, sau da yawa ma sauke ta take yi. In mai ya fashe da wuri, zafin a jikin fistin da kan silinda yake sauka maimakon ya bi hayaƙi. Alminiyam a digiri 660 yake narkewa, abin da ke kare fistin daga wutar da ta ninka haka shi ne wata siririyar iska da ke kwance a fuskarsa da baƙin man da ke sanyaya shi ta ƙasa, ƙwanƙwasa kuwa share wannan iskar take yi. Haka in ka tura taimin gaba allura za ta sauko, ka yi ta murna, alhali kana matsawa bakin rami. In ka ja shi baya allura ta hau, fistin ya huta, turbo da bawul na hayaƙi su ɗauki wahalar. Ga shi kuma tsinken na da nawa, yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ya faɗi gaskiya, fistin kuwa ba ya buƙatar fiye da haka. Motar matashin nan akwai wannan agogo a cikinta, ya rantse mini bai ga ya wuce 870 ba, na kuma yarda da shi.

Saboda haka shaidu uku nake tarawa. Agogon hayaƙi ɗaya. Na biyu ma'aunin mai da iska, wanda a cikakken totur nake so in ga lamda, lambar da ke nuna daidaiton iska da mai, tsakanin 0.78 da 0.82. Da lamda za ka duba, don metanol ya shigo lissafi: fetur na buƙatar iska kashi 14.7, shi kuwa 6.5 ya ishe shi. Na uku, wanda ya fi su duka, yawan taimin da ƙwaƙwalwa ke janyewa a kowace silinda. Duk mai kwamfutar da ke da VCDS, manhajar duba motocin Volkswagen, zai nuna maka a rukuni na 020. Ku hau hanya da rana tsaka, a giya ta uku, daga juyi 2,500 har sama, sau ɗaya babu ruwa, sau ɗaya da ruwa. In ka ga digiri 6 ko 7 sun sauko zuwa 1 ko 2, kuɗinka sun yi aiki. In mota ta shaƙe ko ta yi tari daidai lokacin da fesawa ta fara, nozul ya yi girma.

Metanol kuma guba ne, ba na wasa ba. Cokali ɗaya na cin abinci na iya makantar da mutum, 'yan cokula su kashe shi, kuma ta fata ma yana shiga. Shi ne ya hallaka mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015, da ya shiga cikin giyar gargajiya. Kamarsa ɗaya da ruwa, don haka kada ka taɓa zuba shi a gorar ruwan sha, kada ka ajiye inda yara ke kai hannu, kada kuma wani ya zuƙe shi da tiyo a baki yadda muke yi da fetur. Wutarsa ba a ganinta da rana. A gasar tseren motoci ta Indianapolis a Amurka ta 1981 direba Rick Mears ya ƙone a fuska ana tsaye ana kallonsa yana tsalle, ba a ga harshen wuta ba. In ka tuna layin man Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam motoci suka yi ta lalacewa, kada ya tsorata ka: wancan cikin tankin fetur ya shiga, ya ci robobi da famfunan da ba a yi su dominsa ba. Naka tankinsa daban, tiyonsa daban. In samun mai kyau ya yi maka wuya, fesa tataccen ruwa zalla, ka ɗan rage girman nozul. A zafin Sakkwato shi ne ma ke yin mafi yawan aikin.

Tambaya: Malam, Hilux gare ni mai dizal, ina ɗauko dankali daga Jos. Na sa agogon hayaƙi, a Hawan Kibo in ina hawa da kaya yana kai 750. In damu? *Daga wani direba a Lafiya.*

Amsa: Ka damu, Alhaji, musamman in tsinken bayan turbo yake. Dizal ba ya ɗaukar abin da fetur ke ɗauka. Kafin turbo, 650 zuwa 700 ce iyakar da za a daɗe a kai, 750 sai dai a leƙa a dawo. Kuma shi lissafinsa a juye yake: a fetur ƙarin mai sanyaya hayaƙi yake, a dizal ƙarin mai ƙarin wuta ne. Baƙin hayaƙi a madubi da hawan allura tafiyarsu ɗaya. A dizal kam agogon nan amintacce ne, ka bi maganarsa. In ka kama hawa kada ka nace a babbar giya kana danne totur har ƙasa, sauko giya ɗaya, injin ya yi juyi ya sha iska, za ka ga allura ta ja baya da kanta. Ka duba matatar iska, ka duba ko wani tiyon intakula ya tsage, alamarsa jiƙewar baƙin mai a wurin da kuma fito in ka taka. A kuma gwada nozulolin mai. In ka kai sama kada ka kashe nan take, bar shi a sulo har allura ta sauko wajen 200, don baƙin man da ke cikin turbo kada ya ƙone ya zama gawayi. Fesa ruwa na sauke zafin dizal sosai, amma a gyara waɗannan tukuna, in ma za a sa to metanol ya zama kaɗan ko babu, tunda dizal ba ya jiran fulogi kafin ya kama.

Tambaya: Oga, na ji wai Turawa ruwan wanke gilashi suke zubawa. Zan iya? *Daga Kano.*

Amsa: Nasu na ƙasashen ƙanƙara ne, ana sa masa barasa, a wasu wuraren metanol, don kada ya daskare a tanki. Wanda ake sayarwa a nan galibi sabulu ne da shuɗi. Girgiza gorar ka gani, in ta yi kumfa mayar da ita wurin gilashi.